WhatsApp, Facebook, X, TikTok ko rediyo: ina ƙungiyar unguwa za ta kai kukanta?

Sakataren wata ƙungiyar matasa a yammacin garin Kaduna ya tare ni bayan sallar Juma'a da maganar da ta raba kan mambobinsu. Magudanar ruwan layinsu ta toshe, duk damina sai ruwa ya shiga gidaje. Wasu sun ce a buɗe shafin Facebook. Wasu sun ce manya X kaɗai suke dubawa. Ƙananan cikinsu sun dage sai TikTok, dattijon da ke ba su shawara kuma ya ce su bar wahalar da kansu, su nufi gidan rediyo. Asusunsu ba zai ɗauki duka ba, kuma mutum biyu ne kacal ke da lokacin zama a kan waya. Ya ce, "Yaya, wanne za mu kama?" Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta, don na san daga Kawo zuwa Kakuri akwai ƙungiyoyi da yawa da ke wannan muhawarar.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi: kunnen wa kuke nema? Kowace matsala tana da mai riƙe da alƙalamin da zai sa hannu a kanta. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansilanta. Kwalbati da rufin ajin firamare ba su wuce ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha ba. Hanyar Kaduna zuwa Abuja kuwa ta tarayya ce, ko kun kwana kuna ambaton ciyaman ba shi da abin yi a kai. Dandalin da mai alƙalamin ba ya leƙawa bai da amfani a gare ku, komai cikarsa.

Na biyu kuɗi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data ta zama abin lissafi a kowane gida. Ba kuɗin mai ɗorawa kaɗai za ku duba ba, har da na mai buɗewa.

Na uku ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta. Abin da kuka rubuta yau, za a iya nemo shi bayan wata shida a kafa hujja da shi? Sannan idan aka rufe ƙofar fa? Mu a nan mun gani. An dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. A ƙarshen Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba.

Na huɗu sauƙi: tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya shiga? Na biyar haɗari: kamu, kutse, jita-jita, da 'yan siyasar da ke saye ƙungiya da shafinta gaba ɗaya.

WhatsApp

Wannan shi ne ɗakin taro. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kusan duk mai babbar waya yana da shi, kuma rubutu da saƙon murya ba sa cin data sosai. Saƙon muryar nan shi ya sauya komai a unguwanninmu. Matar da ba ta zuwa taron maza a makarantar firamare ranar Lahadi tana iya danna waya ta faɗi yadda ruwa ya cinye mata katifa, kowa ya ji da muryarta. Dattijon da ajami ya iya ba boko ba, shi ma ya samu bakin magana. Wajen kiran taro, tattara karo-karo, da karɓar hotuna daga kowane layi, babu wanda ya kama ƙafarsa.

Amma ɗaki ne, kuma a rufe yake. Za ku iya shekara kuna tafasa a ciki, ofishin da abin ya shafa bai san kuna yi ba. Dabarar da mutane ke yi ita ce su jefa kansila ko hadimin ɗan majalisa cikin zauren. Na ga an yi haka sau da yawa, kuma abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: rabin mutane su yi shiru, sauran su koma "Allah ya ƙara wa mai girma lafiya". Gara a bar shi a waje, a riƙa aika masa abin da aka yanke.

Wajen ɗorewa yana da rauni. Hoton takardar da kuka sha wahala kafin ku samu zai nutse ƙarƙashin barka da Juma'a, sanarwar ɗaurin aure da tallan atamfa kafin la'asar. Wayar sakatare ta faɗa ruwa, tarihin ƙungiya ya bi ta. Maganinsa zaure biyu: na sanarwa, wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki, da ƙarami na kwamiti. Muhimman takardu kuma a buga su a ajiye a fayil.

Haɗarinsa na cikin gida ne. Gaskiya ne saƙonnin a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kullin bai hana ɗan zaure ɗaukar hoton maganarka ya kai inda ba ka so ba. Lambar kowa a bayyane take ga sauran mambobi. Masu kutse kuma hanyarsu sananniya ce: a kira ka da sunan taro ko tallafi, a ce ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka, kana karantowa sun ƙwace asusun, sun fara roƙon kuɗi da sunanka. Duk mai kula da zaure ya saka lambar sirri ta biyu da manhajar ta tanada. Babban haɗarin dai jita-jita ne. Garin da ya ga rikicin 2000 da 2002 da 2011 ya san abin da "an fara a gefen kaza" ke iya haifarwa da tsakar dare. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, amma wannan bai tsayar da mai niyya ba. Mai kula da zaure ne zai tsayar, idan yana da ƙarfin halin goge saƙon da ya girme shi ya turo.

Facebook

Idan WhatsApp ɗaki ne, wannan kasuwa ce. A nan Hausa take da ƙarfi: dogon rubutu, hotuna, muhawara har asuba. 'Yan jaridar Hausa na nan suna neman labari, hadiman ciyamomi da na 'yan majalisar jiha na nan suna gadin sunan iyayen gidansu. Ga matsalar da ba ta wuce jiha ba, a ganina babu dandalin intanet da ya kai shi isa kunnen da ake nema.

Wajen ɗorewa ma shi ne gaba. Kowane rubutu na ɗauke da kwanan wata, ana iya nemo shi. Hoton kwalbati a watan Mayu, wani a Agusta, wani a Mayu na gaba, duk a jere a shafi ɗaya: wannan hujja ce da ba ta buƙatar dogon bayani. Kuɗinsa matsakaici ne, akwai Facebook Lite ga masu ƙaramar waya, bidiyon kai-tsaye ne ke shan data. Sai dai sabon shafi ba ya tafiya da kansa. Za ku ɗora abu ku ga 'yan kwamiti ne kaɗai suka gani, sai an samu masu mabiya da yawa sun yaɗa, ko a biya kuɗin talla.

Abu ɗaya da nake roƙon kowace ƙungiya: kada a yi gwagwarmaya a shafin mutum ɗaya, kada kuma a bar mabuɗin shafin ƙungiya a hannun mutum ɗaya. Yaron da ya fi kowa iya rubutu shi 'yan siyasa ke fara gani. Ranar da aka ba shi muƙamin mataimaki kan kafafen sada zumunta, shafin da kuka gina shekara uku zai wayi gari yana tallan ɗan takara. A sa mutum uku, kuma kada su zama 'yan jam'iyya ɗaya.

Haɗarin yana wajen sharhi. Sojojin baka za su zo, aikinsu su mayar da maganar magudanar ruwa ta koma ta jam'iyya, ko ta addini, ko ta wane ɗan asali wane baƙo. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar rikici a Filato, kuma Kaduna ba ta fi ƙarfin irin wannan ba. Sai batun doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi aka fi kama masu rubutu da shi. An yi masa gyara a 2024, amma kamun bai tsaya ba. Kariyar da na sani ita ce a rubuta abin da ido ya gani da abin da takarda ta nuna. "An sa aikin a kasafin bana, ga hoton wurin yau" magana ce da za ku iya tsayawa a kanta ko'ina. "Wane ya cinye kuɗin" kuwa, in ba ku da shaida a hannu, kun miƙa wuya da kanku.

X

Mutanenmu a nan ba su da yawa, kuma Turanci ne ke mulki. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke ciki su ne editocin Legas da Abuja, ministoci, ofisoshin jakadanci da manyan ƙungiyoyin kare haƙƙi. Shi ya sa manyan fafutukar ƙasar nan suka tashi daga nan. #BringBackOurGirls bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014. #EndSARS, da ta sa aka sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoban 2020. A farkon Nuwamban 2024, hotunan yaran da suka yanke jiki suka faɗi a kotun tarayya ta Abuja, waɗanda aka kama lokacin zanga-zangar Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna, sun zagaye intanet, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Masu son X kan tsaya a nan, amma a duba abin da ke ƙarƙashin kowace nasara. Masu neman 'yan matan Chibok, ciki har da Hadiza Bala Usman, sun riƙa zaman dirshan kullum a dandalin Unity Fountain da ke Abuja. Gyaran tsarin mulkin nan na fafutukar #NotTooYoungToRun da ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, wanda aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, sai da matasa suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, don gyara irin wannan na buƙatar amincewar aƙalla 24 cikin 36. Misalin da ya fi kusa da ƙungiyar unguwa shi ne na Bagega a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara. Hamzat Lawal da abokansa na ƙungiyar Follow The Money ba ihu kawai suka yi ba. Sun riƙe adadi ɗaya, naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012 don magance matsalar, suna tambayar ina suke, har aka saki kuɗin a farkon 2013.

X wutar kara ce. Maudu'in da ya cika gari da safe, da yamma ƙwallo ta ture shi. Rubutu ba ya cin data, amma asusun da ba a biya ba haruffa 280 yake da su, kuma in babu mai mabiya da yawa da zai ɗauki maganarku, kamar kun yi ta a rijiya. Yana kuma da iyaka mai ciwo. An ɗauke Abubakar Idris Dadiyata, mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta, daga gidansa a Barnawa a farkon Agustan 2019, an shafe shekaru ana tambayar inda yake a wannan dandali. A ƙarshen 2022 an tsare wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan rubutu guda da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar. Mai tunanin sunan bogi zai ɓoye shi ya tuna layin wayarsa na haɗe da lambar NIN.

TikTok

Ba zan daɗe a nan ba. Ƙarfinsa ɗaya ne: bidiyo na iya kai wa ga dubban mutanen da ba su taɓa jin sunanku ba, ko ba ku da mabiya. Amma ya fi kowa cin data, masu kallon nishaɗi suka zo nema, kuma yawancinsu ba 'yan mazaɓarku ba ne. Fuskar mai magana a fili take. Salon da ke tafiya a can shi ne barkwanci da habaici, kuma shi ne ke kai mutum gaban alƙali: a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne da tara kan bidiyon da suka yi game da gwamnan jihar na lokacin. Ku karɓi ƙwarewar yaranku na TikTok wajen ɗaukar gajeren bidiyo mai tsabta, ku kai shi Facebook da WhatsApp. In asibiti ne ko makaranta, a rufe fuskar marasa lafiya da ta yara.

Rediyo

Dattijon nan bai yi kuskure ba. Kaduna garin rediyo ne tun 1962 da aka kafa gidan da yanzu ake kira Rediyon Najeriya Kaduna, ga KSMC, Freedom, Liberty, Nagarta, Alheri da sauransu. Mai sauraro ba ya sayen data, kuma muryar na shiga kasuwa, gona da motar babban sakatare lokaci guda. Abin da rediyo ke yi wanda babu dandalin da ke yi shi ne ɗan jarida ya ɗauki rakoda ya je ofishin da ake kuka da shi ya nemi martani. Jami'in da zai share sharhi dubu ba ya son a ce "mun neme shi bai amsa ba".

Kira a shirin kai-tsaye kuɗin kati ne kawai, in layin ya shiga. Sayen fili kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin asusu. Magana na wucewa da iska, sai dai yanzu tashoshi da yawa na sa shirye-shiryensu kai-tsaye a Facebook, don haka a naɗi wurin da aka ambace ku a ajiye. Kowace tasha na da mai ita, kuma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na sa ido a kansu, saboda haka akwai maganar da za a tausasa ko a tsallake.

Takardar da ke ƙarƙashin duka

Shekarun baya tiransifomar layinmu ta ƙone. Muka cika Facebook makonni, har muna taya juna murnar yawan masu yaɗawa. Ranar da muka je ofishin da abin ya shafa, jami'in ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "To ina takardarku?" Ba mu da ita. A wurinsa ba mu taɓa kai ƙara ba.

Tun daga nan ba na ba kowa shawarar dandali sai na ce ya fara rubuta koke, kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Hoton wannan kwafin shi ne abu mafi ƙarfi da za ku ɗora a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar dokar ta shafi jihohi. Kaduna ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2018, ta kuma fito da tsarin Eyes and Ears don jama'a su riƙa kai rahoton ayyuka. Akwai Tracka ta ƙungiyar BudgIT mai bibiyar ayyukan mazaɓu. Ku duba kasafin jiha ku ga ko aikinku na ciki, domin neman a saka aiki daban, neman a yi wanda aka riga aka saka daban.

| Dandali | Wa ke ji | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| WhatsApp | 'Yan unguwa | Kaɗan | Saƙo na nutsewa | Kowa na iyawa | Jita-jita, kutse |
| Facebook | Jiha, 'yan jaridar Hausa | Matsakaici | Mai kyau | Sai mai iya rubutu | Ƙarar ɓata suna, ƙwace shafi |
| X | Abuja, ƙasashen waje | Kaɗan | Kwana ɗaya ko biyu | Sai da Turanci da manyan mabiya | Kamu, rufe dandali |
| TikTok | Matasa ko'ina | Mai yawa | Gajere | Sai mai iya bidiyo | Fuska a fili |
| Rediyo | Gari da ƙauye, jami'ai | Kira arha, fili tsada | Sai an naɗa | Kowa na iyawa | Tace magana |

Wa ya dace da wanne

Masu neman haɗa kan unguwa, gayya, ko karo-karon gyaran rijiyar burtsatse: WhatsApp ya ishe ku, kada ku ɓata data a wani wuri.

Masu bibiyar aikin da ke cikin kasafi aka yi watsi da shi: shafin Facebook na ƙungiya, hoto duk wata daga wuri ɗaya, da lambar shafin kasafin a jiki.

Wanda aka tsare masa ɗan'uwa ba bisa ƙa'ida ba, ko matsalar da ke hannun hukumar tarayya: lauya tukuna, sannan X, ta hannun ƙungiyar kare haƙƙi ko ɗan jaridar da ake sauraro, ba sabon asusun da kuka buɗe jiya ba. Idan garkuwa da mutane ce, kada a ɗora komai sai iyalan sun yarda, don yawan surutu na iya ƙara wa wanda ke hannu wahala.

Ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, irin na Birnin Gwari ko Giwa: rediyo, da ɗan gari mazaunin birni da zai riƙe musu shafi.

Ƙungiyoyin mata da ke son magana ba tare da an bi su da zagi ba: zauren WhatsApp na mata zalla, abin da za a fitar waje ya fita da sunan ƙungiya.

Shi kuwa sakataren da ya tare ni, ga abin da na rubuta masa: zaure biyu a WhatsApp, takardar koke da sa hannun mai unguwa da limamai da shugabar mata, shafin Facebook ɗaya mai mabuɗi uku. In kwana 14 suka wuce babu amsa, su ɗauki kwafin mai hatimi su tafi gidan rediyo, dattijon ya yi musu jagora. X da TikTok su jira. Yashe magudanar da hannu su yi shi a Afrilu kafin ruwa ya sauka, neman sabon kwalbati kuma su matsa tun daga Agusta, kafin gwamna ya kai kasafin baɗi majalisar jiha a Lugard Hall.